Yadda Ake Adana Ilimin Ginin Tukwane Mataki-Mataki: Murya, Hoto, Awo da Ajiya

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga ɗaliban fannin tukwane, da ma'aikatan gidajen tarihi, da 'ya'yan magina da suka yi boko: mun tara hotuna da muryoyi da bidiyo a waya, ga tsofaffin littattafan gwaji jibge a kwali, yaya za a yi kada su salwanta? Aikin kashi biyu ne. Na farko, abin da aka tara ya kasance yana ɗauke da bayanin da wani magini zai bi ya sake gina irin tukunyar. Na biyu, fayilolin su rayu bayan wayar da kwamfutar da aka fara zuba su sun mutu. Jama'a sun fi damuwa da na biyun, alhali a na farkon ake asara mafi girma. Hoton randa da ba a san wanda ya gina ta ba, ko yumɓun da aka yi ta da shi, ko garin da aka gasa ta, ado ne kawai, ko da kwafinsa ɗari ka ajiye.

1. Iyakance aikin tun farko

Kada ka ce za ka tattara "tukwanen Arewa". Zaɓi magini ɗaya, ko unguwa ɗaya, ko nau'i ɗaya kamar tulu ko tandar waina, ka gama da shi kafin ka ƙara wani. Fara da mafi tsufa a cikin masu sana'ar.

Tsara fita tsakanin kaka da bazara. Da rani aka fi gini da gashi, domin da damina tukunya ba ta bushewa da wuri, makamashi a jiƙe yake, magina da yawa kuma suna gona. Tukunya ɗaya tana cin kwanaki daga haƙar yumɓu zuwa fitowa daga wuta, saboda haka zuwa ɗaya ba zai ishe ka ba. Tambayi ranar gashi tun a zuwan farko.

2. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Ba sai da babbar kyamara ba. Abin da ake bukata:

- waya mai ɗaukar bidiyo 1080p, da sarari ko katin memori na aƙalla 64GB
- ƙaramin makirufo mai maƙalawa a wuyan riga, da soson da ke tare iska
- mariƙin waya mai ƙafa uku
- batirin cajin waya na tafi-da-gidanka, kamar mai 20,000mAh
- sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya har kilo 5, da sikelin rataye mai ɗaukar kilo 50
- rula, tef ɗin awo irin na tela, da jarka ko kofi mai alamar lita
- littafi mai bango mai ƙarfi, fensir, da ledoji masu zif
- yadi mai launin toka, mita biyu, don shimfiɗa bayan tukunya
- faifan ajiya na waje guda biyu, 1TB kowanne

Farashin kayan lantarki yana bin dala, don haka yi lissafinka da girman ajiya kafin ka shiga kasuwa. Bidiyon waya na 1080p yana cin kimanin 7GB zuwa 8GB a awa ɗaya, 4K kuwa ya kan ninka haka kusan sau uku. Murya a tsarin WAV mai 48kHz da 24-bit ta kan ci kusan 1GB a awa idan tashoshi biyu ne, rabin haka idan ɗaya ne. Hoto ɗaya 3MB zuwa 5MB. Ke nan awa goma na bidiyo wajen 80GB ne, faifan 1TB zai ɗauki irin wannan aiki sau goma da ɗan rara.

Faifan nan biyu su ne sayayya mafi tsada, amma kuɗin mota da haƙƙin magini su kan fi su idan aikin ya yi nisa. Duk yinin da magini ya zauna yana amsa tambayoyinka, yinin sana'arsa ka ci. Sa wannan a kasafi, ka kuma sayi tukwanen da aka gina a gabanka a farashin kasuwa ba tare da neman ragi ba.

Gargaɗi: kasuwa cike take da filas da katin memori na jabu, waɗanda aka rubuta musu 128GB alhali cikinsu bai kai 8GB ba. Suna karɓar fayil kamar gaske, sai ranar buɗewa a tarar da shi a lalace. Gwada kowane sabo da manhajar H2testw, kyauta ce, kafin ka zuba komai.

3. Izini kafin a kunna komai

Bi ta hannun mai unguwa ko dagaci, ko wani babba a cikin masu sana'ar. Inda mata ne ke gini a cikin gida, mace ce za ta shiga ta yi aikin, bayan an sanar da maigidan.

Takardar sa hannu ba ta da amfani sosai ga wanda ba ya karatun boko. Ɗauki izinin da murya, a farkon fayil na farko, da kalmomi a fili: "Inna, zan ɗauki muryarki da hoton aikinki don a ajiye. Kin yarda a ambaci sunanki? Kin yarda fuskarki ta fito, ko hannu kaɗai? Kin yarda a sa a intanet kowa ya gani, ko a ajiye wa ɗalibai da iyalinki kawai?" Tambaya uku ce daban-daban, kowace da amsarta, kuma kowace amsa za ta shiga rajistar da za ka buɗe a mataki na gaba. A Najeriya akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta sa neman yarda ya wuce batun ladabi kaɗai.

Gargaɗi: akwai sirrin gida. Idan Baba ya ce wani haɗi ko wata addu'a ba ta fita, kashe na'ura a gabansa ya gani. Haka ramin yumɓu: rubuta wurinsa a rajistar cikin gida, amma kada ka wallafa takamaiman wurin. Ya kan jawo rikicin fili, a yankunan da ke da kayan tarihi a ƙasa kuma, kamar ƙasar Nok a kudancin Kaduna, ya kan jawo masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba.

4. Ba kowane abu lamba, buɗe rajista

Lamba ɗaya ce za ta haɗa tukunya da hotonta, da muryar maginin, da samfurin yumɓun da ke cikin leda. Ɗauki haruffa uku na sunan gari ka ƙara adadi: ZRY-001 na Zariya, MRY-001 na Mirya ta ƙasar Damagaram. Lambar da aka ba abu ta zama tasa har abada. Ko tukunyar ta fashe, ba a ba wata.

Rajistar tana da layi ɗaya ga kowane abu, da waɗannan gurabe: lamba, kwanan wata, gari da unguwa, magini, wanda ya koya masa, sunan tukunyar a bakin maginin, amfaninta, inda aka samo yumɓu, abin da aka gauraya, yadda aka gasa, harshen da aka yi hira da shi, matakin izini, da sunan wanda ya ɗauka. A fili cika ta da fensir, domin tawadar biro tana dishewa a rana, tana kuma malala idan ruwa ya taɓa ta. Da dare a shigar da ita kwamfuta.

Rubuta sunan abu yadda maginin ya kira shi, ko da Gwaranci ne ko Nufanci ko Zabarmanci, sannan ka sa na Hausa a gefe. Abin da ake kira kwatarniya a wani gari yana da wani sunan a gaba, kuma bambancin kansa abin adanawa ne.

5. Ɗaukar bidiyo da murya

Sa wayar a yanayin jirgi kafin ka fara, kira ɗaya ya isa ya yanke ɗauka. Kwantar da ita a kwance, ba a tsaye ba. Kowane fayil ya fara da muryarka kana faɗin kwanan wata, gari, lamba da matakin da ake kai. Idan sunayen fayiloli suka rikice wata rana, wannan daƙiƙa goman ce za ta cece ka.

Bi aikin a jerensa: haƙar yumɓu, shanya, daka da tankaɗe, jiƙawa, haɗawa da dakakken tsingaro ko yashi ko ƙaiƙayi, kwaɓi, gini, ɗora wuya da baki, gogewa, zane, shafa jar ƙasa, bushewa, jera wa wuta, gashi, fitarwa, sai yayyafa makuba ko ruwan bagaruwa inda ake yin haka. Masu ɗauka da yawa su kan zo daidai lokacin gini saboda ya fi kyan kallo, su tsallake shirin yumɓu, alhali a can ne ake rabuwa tsakanin tukunyar da za ta yi shekaru da wadda za ta tsage a wuta.

Kyamara a kan hannu, ba fuska ba. Ko a bayan tsohuwar tukunya da aka kifa ake ɗora yumɓu ana bugawa, ko murɗa shi ake ana ɗorawa zobe-zobe, bar wayar ta yi ta ɗauka daga farko har ƙarshe ba yankewa. Tsawon lokacin da mataki ya ci shi ma bayani ne. Idan da waya ta biyu, ajiye ta tana ɗaukar murya zalla.

Hira kuwa a yi ta daban, a inuwa, nesa da injin niƙa da janareta. Makirufo ya zauna kamar taƙi ɗaya daga baki. Ɗauki daƙiƙa talatin ka saurara da abin kunne kafin ka ci gaba, musamman da hunturu, lokacin da iska kan cinye magana gaba ɗaya. Guji tambayar da amsarta "i" ko "a'a" ce. Tambayoyin da suka fi fitar da ilimi su ne na matsala: me ke sa tukunya ta fashe a wuta? Yaya ake gane yumɓu ya yi ƙarfi da yawa? Wane rami aka daina zuwa, don me? Me ya bambanta ginin mahaifinka da naka?

Gargaɗi: ranar gashi ka tsaya nesa, ta inda iska ke fitowa. Waya ta kan yi zafi ta kashe kanta, wani lokaci kafin ta adana abin da ta ɗauka. A nan gara a ɗauka guntu-guntu, minti goma-goma, a riƙa mayar da ita inuwa.

6. Auna komai

Wannan ne matakin da ake yawan tsallakewa, kuma shi ne ƙashin bayan ma'adanar. Magini zai ce maka "kwando uku na yumɓu, ɗaya na tsingaro". Gaskiya ya faɗa, amma kwandonsa ba shi ne kwandon mai karantawa bayan shekara talatin ba. Rubuta maganarsa yadda take, sannan ka rataya kwandon a sikeli sau uku, ka cire nauyin kwandon, ka ɗauki matsakaici. Rubuta ko a bushe aka auna ko a jiƙe, domin bambancin yana da yawa. Ruwan kwaɓi a auna shi da lita. Rariyar tankaɗe ma a ɗauki hotonta da rula a kai, a ga girman idonta.

Daga kwaɓaɓɓen yumɓun da za a yi ginin, roƙi ɗan curi ka yi gwaji biyu.

Gwajin tsukewa: yi 'yan sanduna uku masu tsawon santimita 12, faɗi 3, kauri 1. Ja layi mai santimita 10 daidai a kan kowanne tun yana ɗanye, ka karce lambarsa a gefe. Auna layin bayan ya bushe, ka sake aunawa bayan an gasa shi tare da tukwanen. Kowace milimita da ta ragu kashi ɗaya ne cikin ɗari. Idan ya koma 9.4 a bushe, 9.2 a gashe, to ya tsuke kashi 6 wajen bushewa, kashi 8 gaba ɗaya. A riƙa juya sandunan yayin bushewa don kada su lanƙwashe su ɓata awon.

Gwajin shan ruwa: auna gasasshen sandan a bushe, tafasa shi awa biyar, bar shi cikin ruwan awa 24, goge bayansa da ɗanyen tsumma ka sake aunawa. Cire nauyin farko daga na biyu, raba da na farko, ninka da ɗari. Giram 100 da ya koma 115 ya sha kashi 15. Wannan adadi ne ke bayyana dalilin da ya sa randar wani gari ta fi sanyaya ruwa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa shi ne ke janye zafi. Idan ka rage awannin tafasa, rubuta adadin da ka yi, ka kuma tsaya a kansa a duk gwaje-gwajen, in ba haka ba ba za su kwatantu ba.

Ga gashi, buɗe shafi na musamman: ƙarfe nawa aka kunna, ƙarfe nawa aka ƙara makamashi, ƙarfe nawa aka janye; damin kara ko ciyawa nawa, itacen wace bishiya, ko an sa kashin shanu; daga ina iska take; tukwane nawa suka shiga, nawa suka fashe, kuma a wane ɓangaren tulin suke. Zana yadda aka jera su. Gashin fili ya kan tsaya tsakanin digiri 600 zuwa 900 a ma'aunin Salshiyos. Mai son sanin adadin ya nemi sandar auna zafi nau'in K da na'urar karanta ta. Ma'aunin zazzaɓi da ake haska wa goshi ba ya wannan aikin.

Masu aiki da tanderu da ruwan ƙyalli, irin tsarin da Baturen maginin tukwane Michael Cardew ya kafa a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, suna da ƙarin abin rubutawa. A rubuta haɗin ƙyalli da kashi cikin ɗari, jimillarsa ta cika 100, abubuwan ba da launi su zo a ƙasa a matsayin ƙari. "Toka kashi 40" bai isa ba: tokar wace bishiya, an wanke ta ko ba a wanke ba, daga ina aka samo dutsen da aka niƙa. A rubuta lambar mazubin gwajin zafi da ya lanƙwashe, wato ɗan tsinin da ake sawa a tanderu, mai lanƙwashewa idan zafi ya kai matakinsa. A jerin lambobin kamfanin Orton lamba 06 tana wajen digiri 1000, lamba 6 wajen 1220, lamba 10 kusan 1300. Kula da sifilin nan, 06 da 6 ba ɗaya ba ne, kuma Excel ya kan share sifilin gaba idan ba a mayar da gurbin na rubutu ba.

Gargaɗi: duk tsohon haɗin da ke da dalma a ciki a adana shi, amma a rubuta a samansa da manyan baƙaƙe cewa guba ne, ba a yin kwanon abinci ko na sha da shi.

7. Hoton tukunya da samfur

Shimfiɗa yadin a inuwa mai haske, kada ka kunna fitilar waya, ka kashe duk wani tace-hoto mai gyara launi. Kowace tukunya hoto biyar aƙalla: gefe daidai tsakiyar cikinta, sama, gindi, cikin baki, da zane daga kusa. Rula da katin lamba su fito a kowanne. Ja baya kamar mita biyu. Idan ka matso sosai, wayar za ta kumbura cikin tukunyar ta ƙanƙance wuyanta. Sannan auna tsayi, faɗin baki, kewayen ciki, kaurin baki, nauyi, da litar da take ci.

Ɗebi kamar rabin kilo na ɗanyen yumɓu, da ɗan abin gauraye, da jar ƙasa, da tsingaron wadda ta fashe a gashin. Shanya su sarai kafin rufewa, damshi kaɗan ya isa ya haifar da fumfuna ya cinye takardar lamba. Sa lamba biyu, ɗaya a ciki da fensir, ɗaya a bayan leda. A kan tukunya kuwa ɗaura kati da zare. Tawadar alƙalamin maka (marker) tana nutsewa cikin jikin tukunyar da ba ta da ƙyalli, ba ta fita.

8. Tsofaffin takardu, hotuna da kaset

Rubutu a ɗauke shi da sikana a 300dpi, hoto a 600dpi, a ajiye a TIFF, JPEG kuma don rabawa. Ɗauki bayan kowane hoto, can ake rubuta suna da shekara. Littafin gwaji a ɗauke shi shafi-shafi har da bango da shafukan da aka soke, domin gwajin da bai yi ba yana hana wani maimaita shi. Inda babu sikana, waya a kan mariƙi tana kallon ƙasa daidai, kusa da taga, za ta wadatar.

Kada a manne asalin takarda da leda mai zafi, ba a iya ɓare ta kuma. Kada a liƙa salatif, a kuma cire ƙusoshin takarda da suka fara tsatsa. Ajiya a akwatin ƙarfe, a ɗage daga ƙasa da bango saboda gara. Kaset kuwa a gwada rediyon da wani kaset mara amfani tukuna, sannan a haɗa shi da kwamfuta ta kebul a ɗauka da manhajar Audacity zuwa WAV. Riƙe waya a bakin lasifika mafita ce ta ƙarshe.

9. Kwashewa zuwa kwamfuta da raɗa suna

A kwashe ran da aka ɗauka, ta kebul. Kwafa za ka yi, ba yankewa ba, kuma kada ka goge komai daga waya sai fayil ya zauna a wuri biyu ka buɗe shi ka gani.

Gargaɗi: kada a tura asali ta WhatsApp a matsayin hoto ko bidiyo. Yana matse shi, yana kuma cire bayanan ɗauka da ke ɓoye a cikinsa, har da kwanan wata. In ya zama dole, a tura shi a matsayin takarda (document).

Buɗe folda biyu: "asali" da "aiki". Abin da ya shiga asali ba a yanka shi, ba a gyara haskensa. Duk gyara a kan kwafi ne a cikin aiki. Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sai lamba, sai mataki:

2025-02-14_MRY-001_randa_gashi_03.mp4

Da haka fayiloli za su jeru da kansu. Kada a sa ɓ, ɗ, ƙ, ƴ ko tazara a sunan fayil, wasu na'urori kan mayar da su alamar tambaya. A cikin rajista kuwa a rubuta su daidai, amma wajen adanawa a zaɓi CSV UTF-8. CSV na gama-gari a Excel yana lalata baƙaƙe masu lanƙwasa, "yumɓu" ya koma "yum?u", kuma ba ya gyaruwa sai an sake bugawa.

Faifan ajiya a tsara shi a exFAT, wanda Windows da Mac duk suke karantawa. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce 4GB, doguwar ɗaukar gini kuwa ta kan wuce. Tsarawa tana share duk abin da ke ciki, don haka a yi ta tun faifan yana sabo.

Daga nan a fitar wa kowane fayil na asali lambar tantancewa ta SHA-256. A Windows umarnin shi ne certutil -hashfile sunan-fayil SHA256, akwai kuma ƙananan manhajojin kyauta masu yi wa folda gaba ɗaya. A ajiye jerin lambobin a cikin foldar. Da shi ne za a gane nan gaba ko fayil ya lalace a ɓoye.

10. Mayar da magana rubutu

Awa ɗaya ta hira ta kan ci awa biyar zuwa takwas wajen rubutawa. Rubuta yadda aka faɗa, da karin harshen garin, kada a mayar da Sakkwatanci ko Damagaranci Kananci. Sa alamar lokaci duk bayan minti biyu ko uku. Kalmomin sana'a da ba ka gane ba, koma ka tambaya tun maginin yana nan. Ajiye a rubutu zalla mai UTF-8 da kuma PDF/A, nau'in PDF na ajiyar dogon lokaci, sannan ka buga rajistar da hirarrakin a takarda ka ɗaure su.

11. Kwafi uku

Ƙa'idar masu ma'adana: kwafi uku, a kan nau'in ajiya biyu, ɗaya a wani wuri daban. Faifai na farko a wurin aiki. Na biyu a wani gida, in da hali a wani gari, domin faifai biyu a jaka ɗaya ɓarawo ɗaya ne ke ɗauke su, gobara ɗaya ce ke cinye su. Na uku a intanet. Google yana ba da 15GB kyauta, wanda ba zai ɗauki bidiyo ba amma ya isa rajista, rubutun hira, hotuna da wasu muryoyi. Su za a fara ɗorawa, da dare lokacin da data ke araha.

Gargaɗi: Google na iya share asusun da ya shekara biyu ba a shiga ba. Kuma foldar da ke daidaita kanta da kwamfuta ba ajiya ba ce. Abin da ka goge a nan zai gogu a can. Filas da katin memori na ɗaukar kaya ne daga wuri zuwa wuri, ba na ajiyar shekaru ba.

Kada a jona faifai a kwamfutar tebur da ba ta da UPS, wato batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar kwafi tana lalata fayil, wani lokaci har da faifan. A cire shi ta hanyar umarnin cirewa, a mayar da shi cikin roba mai murfi tare da 'yan ƙullin gishirin tsotse damshi irin na cikin kwalin takalmi, nesa da rana da ƙurar hunturu. Kada a jona shi a kwamfutar shagon buga takardu, can ƙwayoyin cuta suka fi yawa.

12. Dubawa, mayarwa da miƙawa

Sau ɗaya a shekara, a rana tsayayya, jona kowane faifai, sake fitar da lambobin SHA-256 ka kwatanta da na farko. Wanda ya saɓa, maye gurbinsa daga ɗaya kwafin. Faifan da ya fara ƙara ko jinkirin buɗewa a kwashe shi ran nan. Ko lafiyarsa ƙalau, a canja shi bayan shekara huɗu zuwa biyar.

Magini da iyalinsa su ne farkon masu haƙƙin kwafi. Kai musu bidiyon a katin memori da wayarsu za ta buɗe, da hotuna wankakku.

Abin da aka yarda a wallafa ana iya ɗora shi a shafin ajiya na Internet Archive kyauta. Wikimedia Commons ma tana karɓa, sai dai lasisinta yana ba kowa damar amfani har da kasuwanci, kuma ba a janye shi bayan an bayar, don haka sai an bayyana wa magini wannan ya amince. Kafin ɗorawa a cire bayanin wurin ɗauka daga kwafin hotunan.

Don ajiya mai ɗorewa a nemi cibiya. A Najeriya akwai gidan tarihi na Jos, wanda ke da babban tarin tukwanen gargajiya, da Gidan Makama a Kano, da Arewa House a Kaduna, da sashen da ke koyar da tukwane a Jami'ar Ahmadu Bello. A Nijar akwai gidan tarihi na Boubou Hama da cibiyar CELHTO mai kula da adabin baka, duk a Yamai. Mai neman tallafi ya duba shirin EMKP na gidan tarihin Birtaniya, wanda ke ɗaukar nauyin adana ilimin sana'o'in hannu, da sharaɗin a buɗe sakamakon ga jama'a. Kafin miƙawa a rubuta yarjejeniya: me aka bayar, wane ɓangare ne a rufe, wa ke da ikon ba da izini. Kwafi ake miƙawa, naka yana nan.

A saman kowane faifai a ajiye fayil ɗaya mai suna KARANTA-NI.txt, mai bayyana tsarin lambobi, ma'anar guraben rajista, inda sauran kwafin suke, da ranar da aka yi dubawar ƙarshe. Kalmomin sirri na asusun a rubuta su a takarda, a rufe a ambulan, a damƙa wa mutum biyu da aka amince da su, a kuma sabunta takardar duk lokacin da aka canja kalmar.